Abin da sitiyari ya daina faɗa mini

Makon farko da na fara tuƙa sabuwar motata, ƙafata ta hagu ta sha dukan ƙasa tana neman kuloci. Motar otomatik ce, ni na zaɓe ta da kaina, amma ƙafa ba ta samu labari ba. Shekara 11 ta yi tana taka abu a wannan gurbin. Da safe kuma sai in kama hannuna yana lalube a gefen sitiyari, wai cok yake nema, abin nan da ake ja don inji ya tashi da sanyin safiya, alhali motar ko makulli ba a murɗa mata, maɓalli ake dannawa ta tashi kamar ba ta kwana ba. Sabo turken wawa. Na yi ta yi wa kaina dariya, amma da aka kwana biyu dariyar ta lafa, sai na fara lura cewa abin da na rasa ya wuce kuloci da cok.

Tsohuwar da na rabu da ita ƙirar ƙarshen shekarun 1980 ce, irin ƙananan nan marasa wutsiya, bayansu a yanke, ƙofar but tana ɗagawa sama har da gilashinta. Danginta kowa ya san su: Golf ta farko, Peugeot 205, Starlet, Fiesta, Micra, Renault 5. Kafireta gare ta, giya 5, gilashi sai ka murza da hannu, sitiyari babu fawa, rediyo kuma sai ranar da ta ga dama. A irinta kawuna ya koya mini tuƙi, kuma maganar da ya fi maimaita mini ita ce, “Kai yaro, saurari motar.” A lokacin na ɗauka faɗa ne kawai irin na manya.

Abin da muke kira ƙaramar mota yau ba ƙarama ba ce, suna ne kawai ta gada. Golf ta farko, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana, ta fito a 1974 da tsawon mita 3.7, nauyinta wajen kilo 800. Polo, da ake ɗauka ƙanwar Golf ce, yanzu ta haura mita 4, nauyinta ya wuce kilo 1,100. Ƙanwar yau ta fi yayar jiya jiki. Kuma wannan ƙiba ba ta banza ba ce: sandunan ƙarfe a cikin ƙofofi, rufi mai ƙarfi, jakunkunan iska, na'urar sanyaya, ƙananan injinan ɗaga gilashi, soson hana ƙara a ƙarƙashin kafet, da wayoyin lantarki barkatai. Kowanne da amfaninsa, amma duk a kan taya huɗu suke zaune, kuma direba yana jin su a kwana ko bai san sunansu ba.

Ta fannin ƙarfi, sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau. Tawa ta da, ƙarfin doki 50 da 'yan kai gare ta. In za ka wuce babbar mota sai ka shirya tun daga nesa, ka sauko giya ta 3, ka duba hanya sau biyu, ka danna totur har ƙasa, sannan ka jira. Golf GTI ta 1976, wadda matasan Turai suka yi ta mafarkinta, ƙarfin doki 110 ne da ita. Yau injin lita 1 mai silinda 3 da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, irin wanda Ford ya fito da shi a 2012 sauran kamfanoni ma kowa ya yi nasa, yana ba da 100 zuwa 125, a cikin motar kai yara makaranta. Sai dai ita GTI ɗin kilo 800 da ɗoriya take ja. Shi ya sa lissafin takarda da abin da mazauninka ke ji a kan kujera ba kullum suke tafiya tare ba. Mota mara nauyi, ko injinta rago ne, tana da wani irin kuzari wajen juyawa da tsayawa wanda ƙarfin inji ba ya sayo shi.

Sitiyari ne inda na fi jin bambancin, kuma a nan zan daɗe.

A tsohuwar, sandar sitiyari ta sauka kai tsaye ta haɗu da haƙoran ƙarfen da ke tura ƙafafun gaba, babu mai shiga tsakani. In tana tsaye cik ka ce za ka juya, sai ka haɗa da kafaɗa. Dabarar ita ce ka bar ta ta ɗan gangara ko da taku ɗaya ne, nan take sitiyarin ya saki. Yin faking a matsattsen wuri da rana tsaka aiki ne na gumi, ba zan ɓoye ba. Amma da zarar ta hau titi sai sitiyarin ya zama kamar mai ba ka labari. In kwalta ta canza daga mai laushi zuwa mai kaushi, tafin hannu ya ji. In akwai yashi a bakin kwana, sitiyarin ya yi sakwaf na ɗan lokaci, ka san ƙafafun gaba sun fara sakin ƙasa tun kafin motar ta nuna. In ruwa ya kwanta a gefe ɗaya, ta ɗan fizge ka zuwa can. Tayoyinta sirara ne, faɗin milimita 155 a kan wili mai inci 13, ba su da riƙo sosai, amma suna sanar da kai tun da wuri cewa riƙon ya kusa ƙarewa, kuma a hankali yake ƙarewa, ba farat ɗaya ba.

Sabuwar, injin lantarki ne ke taya ka juyawa. Da yatsa ɗaya za ka shigar da ita gurbin da da sai ka yi gaba da baya sau huɗu. Na fahimci dalilin: fawa irin ta da mai aiki da mai, famfonta yana jan ƙarfin inji kullum ko kana juyawa ko ba ka yi, ita kuwa ta lantarki sai an buƙace ta take cin wuta, don haka an rage shan fetur. Kuma da ita kwamfuta ke iya taɓa sitiyari ta mai da kai layinka. In gudu ya ƙaru, kwamfutar takan ƙara wa sitiyarin nauyi don kada ya yi rawa a hannu. Nauyin yana nan, amma na aro ne. Iri ɗaya yake a kan busasshiyar kwalta da jiƙaƙƙiya.

Ranar da abin ya zauna mini sosai, na yi tafiyar kusan minti 20 sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, alamar iskar taya. Na tsaya na duba, tayar gaba ta hagu ta yi ƙasa sosai, ƙusa ce a ciki. Minti 20 ina tuƙi ban ji komai ba. A tsohuwar, kafin in fita daga layinmu hannuna ya gaya mini, domin da ta riƙa ja gefen hagu tana nauyi a kwanar farko. Na tsaya a bakin titi ina kallon ƙusar, ban san ko in gode wa fitilar ko in ji haushin hannuna ba. Labarin dai ya iso, sai dai ta ido ya biyo, kuma sai da na'ura ta yanke cewa lokacin faɗa ya yi.

Totur ma haka. A da waya ce ta ƙarfe daga fedal zuwa bakin kafireta, abin da ka taka shi inji ya samu, nan take. Yanzu fedal ɗin roƙo yake aikawa, kwamfuta ta duba giya, ta duba hayaƙi, ta duba ko taya na zamewa, sannan ta ba da abin da ta ga ya dace. Yawanci ta fi ni sanin daidai. Amma akwai wani ɗan jinkiri, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, tsakanin takawa da tashin turbo, wanda har yanzu yake ba ni haushi in zan shiga shataletale mai cunkoso. Ka taka, shiru, ka ƙara takawa, sai ta zabura fiye da yadda ka nema.

Giyar hannu ban yi kewarta a cunkoso ba ko kaɗan. Wanda duk ya taɓa yin awa guda yana taka kuloci yana saki har cinyarsa ta fara karkarwa ba zai yi mini musu ba. Inda nake kewarta shi ne hanya mai lanƙwasa da hawa da gangara, inda kai ne za ka hango tudu ka sauko giya kafin inji ya roƙe ka, ka ji sandar ta faɗa gurbinta ƙwas. Ƙaramin daɗi ne, amma a kowace tafiya sai ka same shi sau hamsin.

Akwai wani abu kuma da ban ga ana yawan faɗa ba, shi ne yadda gudu ke ɓuya a sabbin motoci. A tsohuwar, kilomita 90 a awa biki ne: inji na kuka, iska na busa ta gefen gilashi, madubi na rawa, sandar giya na kaɗawa, in kana magana da na kusa da kai sai ka ɗaga murya. Jikinka gaba ɗaya ya san ana gudu, ba ka buƙatar duba maleji. A sabuwar na sha duba allo in ga 120 alhali a raina ina 80. Shiru, sanyi, kujera mai taushi, waƙa na tashi a hankali. Motar ta fi iya ɗaukar wannan gudun nesa ba kusa ba, birkinta ya fi, tayoyinta sun fi faɗi. Amma idona da ƙwaƙwalwata ba a sabunta su ba, lokacin da nake ɗauka kafin in ga abu in taka birki yana nan yadda yake. A kilomita 120, mota tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Tsohuwar tana tsorata ni a gudun da ya kamata in ji tsoro. Wannan kuwa lallashina take yi.

Sai gani. Ka zauna a cikin 205 ko Golf ta farko, kamar kana cikin akwatin gilashi. Ginshiƙan da ke riƙe rufi sirara, gilashin gefe ya sauko har kusan gwiwar hannu, kana ganin ƙarshen bonet, in ka waiga kana ganin inda motar ta ƙare. Ribas da juya wuya ake yi, ba da kallon allo ba. A sabuwar, ginshiƙin gaba ya yi kaurin da mai babur zai iya ɓuya a bayansa a mahaɗar hanya, kuma ya taɓa ɓuya mini, sai da na koyi leƙawa gaba da baya kamar kaza kafin in fito. Gilashin baya ɗan tsito ne. Dalilin a fili yake: ana son rufin ya ɗauki nauyin motar in ta kife, kuma a cikin ginshiƙan ake naɗe jakunkunan iska na gefe. Bonet ma an ɗaga shi don a bar sarari tsakaninsa da inji saboda kan mai tafiya a ƙasa in an buge shi. An toshe maka gani don a kare ka, sannan aka ba ka kyamara ta maye gurbin abin da aka toshe. A Amurka ma tun 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a kowace sabuwar mota. Kyamarar tana aiki, har ƙasan bamba take nuna maka, wurin da wuya ba ya kaiwa. In ruwa ko laka ya taɓa idonta kuwa, sai ka sauka ka goge da yatsa.

Duk wannan yabon da nake yi wa tsohuwar, akwai wata yamma da ba na mantawa. Yayyafi ne aka fara, irin wanda ke haɗuwa da ƙura da ɗigon mai ya mai da kwalta kamar an shafa sabulu. Motar gabana ta ci birki ba zato. Na danna nawa da duk ƙarfina, ƙafafun gaba suka kulle, na murɗa sitiyari dama, motar ta ci gaba da tafiya miƙe kamar ba da ita nake ba. Tayar da ta daina juyawa ba ta bin sitiyari. Kawu ya koya mini maganin wannan, taka ka saki, taka ka saki, amma a cikin firgici ƙafa ba ta tuna karatu. Na tsaya tsakanina da bambar mutumin bai fi taƙi ɗaya ba. Sitiyarin nan mai gaskiya ya gaya mini sarai cewa muna zamewa, tun daga farko har ƙarshe, amma faɗar bai rage ko mita ɗaya ba.

Irin wannan ta sake faruwa da ni a sabuwar, a kan jiƙaƙƙen titi. Fedal ɗin birki ya yi ta kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, gir-gir-gir, motar ta rage gudu kuma ta bi inda na juya ta. ABS ke nan, yana yin taka-ka-saki ɗin kawu sau da yawa a daƙiƙa guda, kowace taya da nata, kuma ba ya firgita. Bosch da Mercedes suka fito da shi a 1978 a motar masu hannu da shuni, yau yana cikin mafi ƙanƙantar mota. Haka na'urar da ke kama mota in bayanta ya fara juyawa, ta taka birkin taya ɗaya tak ta miƙar da ita, wadda Tarayyar Turai ta wajabta a duk sabbin motoci tun 2014. Direba komai ƙwarewarsa fedal ɗin birki ɗaya gare shi, ba zai iya taka taya ɗaya ya bar uku ba.

In kuma karon ya auku, maganar ta ƙare. Da hukumar Euro NCAP ta fara gwajin karo a 1997, Rover 100, wadda asalin ƙirarta ta Metro ce ta 1980, tauraro ɗaya kacal ta samu a ma'aunin kariya, ba a jima ba aka daina ƙera ta. A 2017, da hukumar ta cika shekara 20, ta sake buga irin wannan Rover ɗin ta kwatanta da Honda Jazz ta zamani. A Rover, ɗakin fasinja ya lotse, sitiyari ya taso wa direba. A Jazz, gaba ya murƙushe ya shanye bugun, ɗakin ya tsaya yadda yake. Masu cewa motocin da sun fi ƙarfe, na yanzu gwangwani ne, sun fahimci abin a baibai. Gaban motar yanzu da gangan aka yi shi ya lanƙwashe, domin ƙarfin bugun in ƙarfe bai sha ba, ƙirjinka ne zai sha. Siraran ginshiƙan nan da nake yabo saboda gani, su ne dai ke naɗewa kamar kara.

Abin da ban yafe wa sabuwar ba shi ne surutu. In na matso layi, ƙara. In ta karanta allon iyakar gudu, ko ta karanta na hanyar gefe bisa kuskure, ƙara. In na ajiye jaka mai nauyi a kujerar gaba, ƙara, wai jakar ta ɗaura bel. Wata rana na kauce wa rami da gangan, sitiyarin ya yi yunƙurin mai da ni cikinsa, sai da na riƙe shi da ƙarfi. Tun Yulin 2024 dokar Turai ta ce duk sabuwar mota sai da na'urar gargaɗin gudu, kuma ko ka kashe ta, in ka sake tayar da mota ta dawo. Ga allo: abin da da murɗawa ɗaya ne ba tare da ka duba ba, kamar rage sanyi, a wasu motocin yanzu sai ka ɗauke ido daga titi ka nemi hoto ka taɓa. Motar da ke yi maka faɗa kan rashin kula ita ce kuma ke janye idonka.

Gyara ba zan ja shi ba. Tsohuwar tana yawan ciwo amma ciwonta a fili yake, da sifana biyu da sukundireba na sha tayar da ita a bakin hanya, in goge fulogi, in busa kafireta. Sabuwar tun da na saye ta ban buɗe bonet ba sai don zuba ruwan wanke gilashi. Ranar da za ta ƙi tashi kuwa na san ba ni da abin yi sai kiran mai kwamfuta. Da sanyin safiya kuma babu jan cok, babu jiran inji ya yi ɗumi, babu warin fetur a riga.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne irin waɗannan motocin ma suna ƙarewa. Ford ya daina ƙera Fiesta a 2023, bayan shekara 47. Kayan kariya da na tace hayaƙi kusan kuɗinsu ɗaya a ƙaramar mota da babba, ribar ƙaramar kuwa kaɗan ce, masu saye kuma sun koma wa dogayen motoci masu tudu. Wataƙila nan gaba wadda nake ƙorafi a kanta yau ita za a riƙa tunawa a ce ai lokacin mota tana da sauƙi.

'Yata a sabuwar ta koyi tuƙi, ba ta taɓa taka kuloci ba. Da surutuna ya ishe ta, sai na aro tsohuwar wani abokina, ƙirar zamanin tawa, na kai ta wani fili da babu kowa. Sau uku motar tana mutuwa a hannunta. Ta kama sitiyari za ta juya a tsaye, ta dube ni ta ce, “Baba, wannan ai kokawa ake yi da ita.” Na ce ta bar ta ta gangara tukuna. A karo na huɗu ta ɗago kuloci a hankali, gaban motar ya ɗan ɗaga, inji ya canza murya, ta ce, “Baba, ji, tana motsi a ƙafata.” Muka yi ta zagaya filin har rana ta yi sanyi, tana shiga giya ta 2 tana dariya, ta gano da kanta inda ƙasa ke da yashi ba tare da na nuna mata ba.

Da za mu tafi ta tambaye ni ko abokin nawa zai ba ta aronta ranar Asabar, za ta je wajen ƙawarta, tafiyar awa guda a babbar hanya. Na ce a'a tun kafin ta rufe baki. Ta ce, “To Baba, ba kai ne kullum kake cewa ta fi daɗin tuƙi ba?” Na ce ni ne. Na ƙwanƙwasa ƙofar da bayan yatsa, ta yi ƙara kamar ba komai a cikinta, sannan na laluba aljihu na miƙa mata makullin tamu.